Yara Sun Zo, Wurin Zama Ya Yi Kaɗan: Cunkoson Makarantun Gwamnati a Gumani da Kewayen Tamale

Wanda ya rabu da Tamale shekara talatin, in aka sauke shi yau a Gumani, sai ya yi tambaya kafin ya gane hanya. Unguwar tana arewa da tsakiyar gari, kusa da titin da ya miƙa Bolgatanga. A da, in mutum ya ɗan wuce ta, gonakin masara da doya ne za su tare shi, da itatuwan kaɗanya da ɗorawa. Yanzu gida na bin gida har Kanvili da Jisonayili da Gurugu, kuma bayan waɗannan ma tulin bulo ne da yashi da ginin da bai kai linta ba. Da hantsi bai ɗaga ba za ka ga abin da wannan yalwar gari ta haifar: babur ɗauke da uba da yara uku, keke mai ƙafa uku da 'yan gari ke kira yalo-yalo cike maƙil da 'yan makaranta, wasu cikin riga ruwan ɗorawa da wando ruwan ƙasa irin na makarantun gwamnati, wasu cikin hijabi. Duka sun nufi azuzuwan da akasarinsu an gina su ne tun garin bai kai rabin haka ba.

Ƙidaya ta tabbatar da abin da ido ke gani. A 2012 aka yanke gundumar Sagnarigu daga jikin Tamale, ita ce kuma ta ɗauke mafi yawan unguwannin arewa da na yammacin birnin. Bisa ƙidayar 2010, yankin da ya zama Sagnarigu yana da mutum 148,099. Da aka sake ƙirge a 2021 sai aka tarar da 341,711. Ninki biyu ke nan har da ɗoriya, cikin shekara goma sha ɗaya. Ita kanta Tamale, duk da abin da aka yanke mata, ta kai 374,744. Jihar Arewa baki ɗaya ce ta fi kowace jiha a Gana saurin ƙaruwar jama'a tsakanin ƙidayoyin biyu, da kashi 3.7 cikin ɗari a shekara. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: haihuwa, da ƙaura daga ƙauyukan masarautar Dagbon da maƙwabtansu, da rikicin ƙabilanci na 1994 da ya koro iyalai da yawa zuwa birni, da jami'ar UDS da aka kafa a 1992, da asibitin koyarwa, da tarin ƙungiyoyin agaji da suka mai da Tamale mazauninsu.

Bari mu yi lissafi mai sauƙi da waɗannan alƙaluma. Sagnarigu ta ƙaru da mutum kusan 17,600 kowace shekara. A ɗauka ɗaya cikin huɗu ne yake shekarun makarantar tushe, wato daga shekara huɗu zuwa goma sha huɗu. Yara 4,400 ke nan a shekara. Makarantar tushe a Gana aji goma sha ɗaya ce: biyu na share fage, shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare. In aka zuba yara arba'in a kowane aji, makaranta guda za ta ɗauki 440. Ashe gundumar na bukatar sababbin makarantu goma cif kowace shekara, don kawai kada halin da ake ciki ya ƙara lalacewa. Ba a ma zo maganar gyaran tsofaffin ba. Duk wanda ya san yadda ake gina makarantar gwamnati a ƙasar nan ya san babu gundumar da ke yin kusa da haka.

Cikar aji nasara ce kafin ta zama matsala

Kafin a yi kukan cunkoso, ya kamata a tuna cewa akwai lokacin da kukan na rashin yara ne. Turawan Ingila sun mai da Tamale hedikwatar yankin arewa a 1907, suka buɗe makarantar gwamnati a 1909, amma ba su yi gaggawar ilmantar da arewa ba, domin sun fi bukatarta a matsayin rumbun 'yan ƙwadago na gonakin koko da ramukan zinariya na kudu. Makarantar Mfantsipim ta Cape Coast tana nan tun 1876. Arewa ba ta sami sakandare ta farko ba sai 1951, wato Tamasco, wadda daga baya ta yaye Aliu Mahama da Mahamudu Bawumia. Ghanasco, inda John Mahama ya yi karatu, ta biyo baya a 1960, zamanin Nkrumah.

A ɓangaren iyaye kuma akwai tsoro. Musulmin Tamale, Dagombawa da Hausawan zango da Mosawa da sauransu, sun daɗe da nasu karatu. Hanyar fatauci ta goro da ta haɗa Kano da Salaga ta zo da malamai da littattafai tun kafin Bature ya iso, kuma sunan Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, har yau ba ya ɓuya a tarihin ilimin wannan yanki. Abin da iyaye suka ƙi shi ne su miƙa ɗa ga makarantar da suke ganin za ta raba shi da sallah. Malamai irin su Afa Ajura, wanda ya kafa Anbariya, su ne suka gina makarantun Islamiyya masu tsari a cikin gari. Da aka amince a shigar da darussan boko cikinsu, gwamnati ta turo malamai tana biyan su, har aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin Hukumar Ilimi ta Gana, wato GES, a 1987, sai ƙofa ta buɗe. Uban da jiya yake ɓoye ɗansa daga mai rubuta suna, yau shi ne ke tsaye a ƙofar ofishin hedimasta.

Gwamnatoci sun yi ta ƙara buɗe ƙofar. Tsarin mulkin 1992 ya yi alkawarin ilimin tushe kyauta kuma dole ga kowane yaro. A 2005 aka soke kuɗin makaranta, aka maye gurbinsa da tallafin da ake ba kowace makaranta gwargwadon yawan ɗalibanta, sidi 30,000 na tsohon kuɗi a kan kowane kai, wanda ya zama sidi uku bayan canjin kuɗi. A shekarar ce kuma aka fara ciyar da yara a makaranta. A 2007 aka haɗe azuzuwan share fage cikin ilimin tushe, aka ƙara wa kowace firamare nauyin shekara biyu na yara ƙanana. Shirin School for Life, da ya fara a 1995 yana koyar da yaran ƙauye karatu da harshen uwa cikin wata tara, ya yi ta turo waɗanda a da an fid da rai da su. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai daidai ne, kuma ina cikin masu yaba su. Sai dai an gayyaci gari duka zuwa walima, tukunya kuwa ita ce ta jiya.

Ba Gana ce kaɗai ta taɓa faɗawa wannan hali ba. Da Nijeriya ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976, an shirya wa yara kusan miliyan biyu da dubu ɗari uku, sai kusan miliyan uku suka bayyana. A Yunin 2024 gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi, yana cewa miliyoyin yara a ƙasa suke zama. A Nijar, inda ake cike giɓin da azuzuwan zana da kara, gobara ta cinye yara aƙalla ashirin a Yamai a Afrilun 2021, ta sake cinye wasu sama da ashirin a Maraɗi a Nuwamban shekarar. Mai karatu a Fagge ko Zinder ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin abin da ke faruwa a unguwannin Tamale irin su Sakasaka ko Choggu.

Abin da ke cikin ɗakin

Aji mai yara saba'in ko tamanin ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati da ke tsakiyar unguwannin Tamale masu cunkoso. Bencin da aka ƙera domin yara biyu, uku ko huɗu ke matsuwa a kai. Waɗanda ba su samu ba, su zauna a siminti, su ɗora littafi a cinya, ko su kwanta rub da ciki su yi rubutu. Ƙungiyar Africa Education Watch, wadda Kofi Asare ke jagoranta, ta yi amfani da alƙaluman ma'aikatar ilimi ta nuna cewa yara sama da miliyan biyu a makarantun tushe na Gana ba su da benci, kuma jihohin arewa ne abin ya fi ƙamari. Ta kuma ƙirga makarantu sama da dubu biyar da ke ƙarƙashin bishiya ko rumfa ko ginin da ya kusa faɗuwa.

Alƙaluma ba sa faɗin zafi. A watan Maris da Afrilu zafin Tamale yakan haura digiri arba'in, rufin kwano ne, sau da yawa babu silin, taga kuma ramukan bulo ne da ba sa shigo da iska sosai. Lokacin ne kuma ake fargabar sanƙarau, cutar da ta fi son inda mutane suka cushe. Da damina ta kawo kai, guguwar farko takan kwashe rufin makarantu, sai a gwama aji biyu a ɗaki ɗaya har Allah ya kawo ɗan kwangila. Ga ƙarancin ruwan famfo da Tamale ta daɗe tana fama da shi, domin matatar Dalun ta yi wa garin kaɗan. Makarantar da ke da yara dubu da bayan gida ƙwaya huɗu babu ruwa, 'yan matan da suka fara girma su ne farkon waɗanda za su riƙa fashin zuwa.

Amma babbar asara ita ce wadda ba ta da ƙara. A darasin awa guda, malamin da ke gaban yara tamanin, ko da bai yi komai ba sai bin su ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro daƙiƙa arba'in da biyar zai samu. Kiran suna kaɗai ya ci wani abu. In ya ba da aiki a darussa uku, littafi ɗari biyu da arba'in ke jiran jan biro. Saboda haka sai ya rage ba da aiki, ya koma karantarwar amshi: ya faɗa, aji ya maimaita da ƙarfi. Mai wucewa ta bakin taga zai ji daɗi, ya ce karatu na tafiya. Yaron da ke can baya kuwa bakinsa na motsi tare da na kowa, alhali bai san harafin da ake nunawa ba, kuma babu wanda zai gano shi sai ya kai aji huɗu ko biyar. Gwajin karatun yara ƙanana da aka yi a faɗin Gana a 2013 da 2015 ya nuna cewa kusan biyu ne kawai cikin ɗari na 'yan aji biyu ke iya karatu da kyau tare da fahimta, kusan rabi kuwa ko kalma ɗaya ba sa iya karantawa. Cunkoso ba shi kaɗai ne sanadi ba, amma shi ne ke hana malami ganin wanda aka bari a baya.

A Tamale akwai ƙarin nauyi na harshe. Dagbani ne harshen ƙasa, shi ne kuma ake koyarwa a makaranta. Amma a aji guda za ka sami ɗan Bahaushe daga zango, da ɗan Gonja, da ɗan Mamprusi, da ɗan Frafra, da ɗan ma'aikacin da aka turo daga Kumasi. Hausa, duk da yawan masu jin ta, ba ta cikin harsunan da gwamnati ta amince a koyar da su a makarantu. Malamin da ke da yara talatin zai iya sunkuyawa ya yi wa yaro bayani da harshen da yake ji, ko ya sa na kusa da shi ya fassara masa. Mai tamanin ba shi da wannan sukuni. Yarinyar da ta shekara shida tana zaune ba ta gane komai, in wata yayarta ta dawo daga Akra ko Kumasi da akwati da atamfa, wace hujja za a kawo mata da za ta hana ta bin sahun 'yan dako da ake kira kayayei?

Wani abu da baƙo ba zai yi zato ba shi ne, a cikin birni ba malamai ne suka fi ƙaranci ba, ɗakuna ne. Tamale na da kwalejojin horar da malamai guda biyu, ɗaya daga ciki, Bagabaga, tun 1944 take. Malamin da aka tura ƙauye kuma ba ya hutawa sai ya sami canji zuwa gari, inda akwai wuta da asibiti da makarantar da zai sa nasa 'ya'yan. Don haka sai ka tarar da malamai biyu a aji ɗaya a cikin Tamale, ɗaya na koyarwa ɗaya na riƙe da tsumagiya, alhali a wani ƙauye mai nisa mutum ɗaya ke juya aji uku. Da akwai ɗaki, da an raba ajin nan biyu gobe da safe ba tare da an ɗauki ko mutum ɗaya aiki ba.

Shi kuma hedimasta yana tsaka mai wuya. Doka ta ce ilimi dole ne, ba shi da ikon korar yaro. Uwa ta zo da ɗanta ta durƙusa ta ce, "Malam, a dubi Allah, ko a ƙasa ne ya zauna." Limami ya aiko, ɗan majalisar unguwa ya aiko, mai unguwa ya aiko. Tallafin gwamnati ma bisa yawan kai ake lissafa shi, ga shi ɗan kaɗan, ga shi yakan makara zango guda ko fiye. Sai ya rubuta suna. Masu ɗan hali kuwa su janye 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi da suka cika Gumani da Kalpohin da Kanvili, wasu masu kyau, wasu kuwa gidan haya ne kawai aka yi wa fenti. Da masu faɗa a ji suka fice, makarantar gwamnati ta rasa bakin da zai yi mata magana.

Hannu huɗu a kan yaro ɗaya

A takarda, tsarin shiri bai da laifi. Kowace shekara ana ƙidayar makarantu, hedimasta ya cike fom na yawan yara da malamai da ɗakuna da bencina. Ofishin ilimi na gunduma ya tattara, ya fitar da shirin aikinsa na shekara. Akwai kwamitin sa ido kan ilimi wanda shugaban gunduma ke jagoranta. Majalisar gunduma kuma tana rubuta shirin raya ƙasa na shekara huɗu bisa jagorancin Hukumar Tsara Ci Gaban Ƙasa, inda ake jera makarantun da za a gina. Doka ta ɗora wa majalisar alhakin samar da gine-ginen makarantun tushe.

Matsalar ita ce abu huɗu ake bukata kafin aji ya tsaya da ƙafarsa, kuma kowanne yana hannun wani dabam. Mai ƙirga yara shi ne ofishin GES na gunduma, amma ba shi da kuɗin gini. Mai gini ita ce majalisa, amma kuɗinta daga Akra suke zuwa, ta asusun bai-ɗaya na gundumomi, wanda tsarin mulki ya ce kada ya gaza kashi biyar cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, wanda kuma ya shahara da makara da yanke-yanke kafin ya iso. Mai turo malami hedikwatar GES ce, ita ma sai ma'aikatar kuɗi ta ba ta izini. Mai ƙasa kuwa sarki ne.

Asusun GETFund, da aka kafa a 2000 ana zuba masa kashi biyu da rabi daga harajin kayayyaki, shi ne ya kamata ya zama ginshiƙin gine-ginen makarantu. A 2017 aka yi dokar da ta taƙaita abin da irin waɗannan asusu za su riƙe, baitulmali ta kwashe ragowar. A watan Satumban shekarar gwamnatin Nana Akufo-Addo ta fara babbar sakandare kyauta. Ɗalibai suka yi yawa, har a 2018 aka ga giɓin gurbi kusan 182,000, sai aka shigo da tsarin karɓa-karɓa a makarantu kusan ɗari huɗu: rukuni ɗaya na karatu, ɗaya na hutu a gida. Don a fita daga wannan ƙangi, hankali da kuɗi suka karkata ga gina ɗakunan kwana da azuzuwan babbar sakandare, har aka ci bashi da sunan kuɗin da GETFund zai samu nan gaba. Ban ga laifin talaka ya yi sakandare kyauta ba. Amma firamare ce ta biya wani ɓangare na kuɗin, kuma yaron da bai iya karatu a aji uku ba, sakandare kyauta ba za ta yi masa amfanin da ake zato ba.

A 2025 abubuwa sun ɗan motsa. Gwamnatin John Mahama ta cire wa GETFund takunkumin, ta yi alkawarin kawo ƙarshen karɓa-karɓa, ta kuma ce kashi tamanin cikin ɗari na asusun bai-ɗaya zai riƙa zuwa hannun gundumomi kai tsaye. A ƙa'idar kashe kuɗin an ware kashi goma domin bencina, kashi goma domin gini: rukunin share fage ɗaya, na firamare ɗaya, na ƙaramar sakandare ɗaya. Ministan ilimi kuma, Haruna Iddrisu, ɗan majalisar Tamale ta Kudu ne tun 2005, ba sai an kwatanta masa Aboabo ko Lamashegu ba. Wannan ci gaba ne. Amma a ajiye shi kusa da lissafin da muka yi a baya: makaranta ɗaya, inda ake bukatar goma. Ƙa'idar da ta ba kowace gunduma awo ɗaya ba za ta wadatar da gundumar da ke ninka kanta cikin shekara goma sha ɗaya ba.

Wasu na cewa a koma karatun safe da na yamma, a raba yara biyu. Akra ta daɗe a kan haka kafin magajin garinta Alfred Oko Vanderpuije ya soke shi a 2010, saboda awannin karatu sun ragu, yara kuma sun sami hanyar yawo: a gida su ce na yamma ne su, a makaranta a ɗauka na safe ne. A Tamale akwai wani dalili ƙari. Yamma da ranakun Asabar da Lahadi na karatun allo da Larabci ne, sau da yawa ma a ɗakunan nan guda. Duk shirin da ya cinye wannan lokaci zai tayar da tsohon tsoron da aka sha wuya kafin a kwantar.

Fili

A ganina, nan ne maganar take. Kuɗi in sun makara bana, za su iya zuwa baɗi. Malami ana iya turo shi. Benci kafinta zai ƙera cikin mako. Fili kuwa in ya tafi ya tafi.

A Dagbon ƙasa tana hannun sarakuna masu zama a kan fata, daga Ya Na a Yendi zuwa sarakunan da ke ƙarƙashinsa a Tamale da Sagnarigu da na ƙauyukan da gari ya haɗiye. Zamanin mulkin mallaka gwamnati ta riƙe ƙasar arewa a hannunta, daga baya tsarin mulki ya mayar da ita ga masu ita. Idan gari ya tunkaro ƙauye, sai a kira safiyo ya yanka gonaki fuloti-fuloti, a fitar da taswira. A taswirar akan bar gurbin makaranta da asibiti da kasuwa da filin wasa, kamar yadda dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016 ta tanada. Sai dai gurbin makaranta ba ya kawo kuɗin goro. Shekara biyar, goma, majalisa ba ta zo ta yi gini ba, ba ta yi takarda ba, ko tubali ba ta kafa ba, farashin fuloti kuma na hawa. Wata rana sai a wayi gari an zuba yashi a wurin. Kafin yaran sabuwar unguwa su isa shiga makaranta babu inda za a gina musu, sai su kwararo tsofaffin makarantun Gumani da Choggu da Tishigu. Cunkoson da ake gani a tsakiyar gari, rabinsa daga bakin gari aka aiko shi.

Tsofaffin makarantun ma ba su tsira ba. Cin iyakar filin makaranta tsohon kuka ne a Tamale, daga firamare har manyan makarantun da ke unguwar Education Ridge. Makarantar da ba ta da katanga, yau a kafa kes a gefenta, gobe shago, jibi gida. Makarantun Islamiyya da yawa kuwa tun asali a harabar gidan malam ko jikin masallaci aka fara su, a fuloti ɗaya ko biyu, cikin unguwar da ta riga ta cushe. Ba su da inda za su faɗaɗa sai sama. A irin waɗannan wurare, ci gaba da gina dogon rukuni mai ɗaki shida a ƙasa ɓarnar fili ce. Bene ya kamata a yi, ko aƙalla a zuba harsashin da zai ɗauki bene in kuɗi sun samu.

Abin da ya fi damuna shi ne, babu wani abu a cikin wannan da ya zo ba zato. Yaron da zai shiga ajin share fage nan da shekara huɗu an riga an yi sunansa. Yana cikin rajistar awon jarirai a asibitin unguwa, ma'aikatan rigakafi sun san gidansu. Ofishin tsara gari ya san inda aka yanka sababbin fulotai, kamfanin wuta ya san inda aka kafa sababbin mita. Shirin da ya dogara kawai da yawan yaran da ke cikin aji bara, kullum a bayan matsala zai kasance, domin ba ya ganin wanda bai zo ba tukuna. Kuma iyakar da ke tsakanin Tamale da Sagnarigu a takarda take, yaro ba ya ganin ta, yana kwana a wannan gunduma ya yi karatu a waccan. Majalisun biyu, da Savelugu da Tolon da gari ke kusantowa, taswirar makarantu ɗaya ta kamace su.

Jama'a ma suna da hannu, ba 'yan kallo ba ne. Al'ummar da ke iya tara kuɗi ta gina masallacin Juma'a mai hasumiya biyu ba za ta kasa zagaye filin makaranta da ginshiƙai ba. Waƙafi ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Attajirin da ya sayi fuloti huɗu a Gurugu ko Malshegu ya ba da su domin makaranta, aka yi takarda da sunan al'umma, ya yi abin da majalisa ba za ta iya yi ba bayan shekara goma ko da tana da kuɗi. Sarkin da ya ce gurbin makaranta ba na sayarwa ba ne, ya tsaya a kan haka, ya cancanci a ambaci sunansa a kan mumbari.

Doka ta wajabta wa majalisar gunduma ta saurari jama'a a bainar taro kafin ta amince da shirinta na raya ƙasa, kuma kowace unguwa tana da zaɓaɓɓen ɗan majalisa da ake iya samu a gidansa. Iyayen Gumani da Kalpohin da Kanvili, da shugabannin zango, da limamai, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, ku je wuraren nan. Ku nemi a nuna muku taswirar unguwarku, ku ga inda aka rubuta makaranta, sannan ku taka da ƙafarku ku duba ko filin na nan. In yana nan, ku matsa a yi masa takarda da iyaka bana, ko da ginin sai baɗi.